Kujerar Morris: Yadda Aikin Kafintan Ƙauye Ya Koma Ɗauke da Sunan Wani

A cikin kayan ɗakin zamanin Sarauniya Biktoriya da masu tara kayan da ke rububi a kansu, da wuya a sami wanda sunansa ya yi yawo a duniya kamar kujerar Morris. Kujera ce mai hannu, ƙasa-ƙasa, mai faɗin mazauni, wadda ake iya kwantar da bayanta ko a miƙe shi gwargwadon yadda mai zama ya ga dama. An fara sayar da ita a Landan kafin shekarun 1860 su ƙare, kamfanin da ya fito da ita kuma bai daina yin ta ba sai da aka rufe shi a 1940. A Amurka masana'antu sun yi ta buga irinta ba adadi, har sunan ya zama na duk wata kujerar katako mai majingini mai motsi.

William Morris, mutumin da take ɗauke da sunansa, ba shi ya ƙirƙiro ta ba, ba kuma shi ya zana ta ba. Tushenta shagon wani dattijon kafinta ne a wani ƙauye na yankin Sussex da ke kudancin Ingila. Yadda ta baro wannan shago ta shiga falon attajirai, daga nan ta faɗa hannun masana'antun da Morris ya fi tsana, shi ne lamarin da ya cancanci a bi shi daki-daki, domin a cikinsa ake ganin abin da mai saye ke biyan kuɗinsa a kai idan ya sayi tsohon kaya mai suna.

Irin kujerun da ake yayi a lokacin

Biktoriya ta hau mulki a 1837. 'Yan shekaru kafin nan, a 1828, wani mai suna Samuel Pratt ya yi rajistar dabarar sa sifirin a cikin mazaunin kujera, wannan kuwa ya sauya siffar falon Turawan Ingila gaba ɗaya. Sifirin yana buƙatar zurfi, sai kujeru suka kumbura. Aka riƙa cusa musu gashin doki, a lulluɓe da yadi mai kauri, a nutsa maɓallai a jikinsu jere-jere, sannan a zagaye gindinsu da geza har ƙasa. Katakon ya ɓuya. Da ya ɓuya kuwa, sai maha'inta suka samu ƙofa: icen banza, haɗi na gam da ƙusa, ciko na tsummokara da ɓuntun katako, duk a ƙarƙashin karammiski mai sheƙi. Mai saye ba shi da hanyar ganewa sai ranar da ƙafa ta balle.

Inda katakon ya fito fili kuma, sassaƙa ta yi masa yawa. A babban baje kolin duniya na 1851 a Hyde Park, wanda mutum kusan miliyan 6 suka shiga, an nuna kujeru da kabad-kabad da ke cike da siffofin ganye, 'ya'yan itace da dabbobi, har mutum ya rasa inda zai ɗora hannu. Wannan ya ishi wasu masu zanen gine-gine da masu zanen hoto, suka fara cewa su ma za su sa hannu a kayan ɗaki. Daga nan aka samu abin da kasuwa ta riƙa kira kayan ɗaki na fasaha. Charles Eastlake ya fitar da littafinsa na shawarwari kan adon gida a 1868, yana kira da a koma ga haɗin katako na gaskiya wanda ido ke gani. E. W. Godwin ya zana kabad ɗinsa baƙi mai siraran ƙafafu a 1867, bisa salon Japan. Rina katako baƙi, don ya yi kama da icen nan mai tsada ɗan'uwan kanya, ya zama alamar gidan masu ido.

Kamfanin da manajansa

A watan Afrilun 1861 abokai bakwai suka kafa kamfanin Morris, Marshall, Faulkner & Co. a gida mai lamba 8, Red Lion Square, a Landan. Akwai Morris kansa, da masu zane Dante Gabriel Rossetti, Edward Burne-Jones da Ford Madox Brown, da Charles Faulkner malamin lissafi, da Peter Paul Marshall, sai Philip Webb mai zanen gine-gine, wanda ya zana wa Morris gidansa na Red House a Bexleyheath a 1859. Yawancin aikinsu na farko gilasan tagogin coci ne da kabad masu zanen hoto. A baje kolin 1862 sun samu lambobin yabo biyu.

Morris gwani ne a zanen yadi, takardar bango da saƙa, wannan babu ja. Amma a fannin kujera hannunsa ya yi nauyi. A 1856, yana saurayi, ya zana wa ɗakinsa na haya wasu kujeru irin na zamanin jarumai masu sulke, manya-manya, masu tsayayyen baya, Rossetti ya yi musu zane a jiki. Biyu daga cikinsu sun sake ɓulla a 1997, yanzu suna gidan tarihin fasaha na Delaware a Amurka. Duk wanda ya dube su ya san an yi su ne don kallo. Bayan wannan, harkar katako a kamfanin ta koma hannun Webb da Madox Brown.

Abin da abokan nan suka rasa shi ne mai riƙe musu lissafi. A 1865, shekarar da suka koma Queen Square, suka ɗauki George Warington Taylor manaja. Ɗan manyan gida ne, ya yi karatu a Eton, makarantar 'ya'yan manya, amma duniya ta juya masa baya har ya koma karɓar tikiti a ƙofar gidan wasa. Taylor ya tarar da kamfani mai hazaƙa wanda bai iya sa farashi ba, bai kuma iya gama aiki a kan lokaci ba. Ya dage musu da wasiƙu masu zafi, Morris ma bai tsira daga faɗansa ba. A zamaninsa kamfanin ya samu manyan ayyuka biyu da suka ɗaga sunansa: ƙawata ɗakuna a fadar St James's, da ɗakin cin abinci mai launin kore a gidan tarihin South Kensington, wanda yanzu ake kira Victoria and Albert.

Taylor yana da ra'ayinsa a kan kujera, kuma ra'ayi ne mai kaifi. Yana son kaya marasa nauyi waɗanda mutum zai ɗaga da hannu ɗaya ya matsa kusa da wuta. A wata wasiƙa ya rubuta cewa mugunta ce ta 'yan wuta mutum ya kashe sama da sule 15 a kan kujera alhali talakawa na mutuwa da yunwa a kan titi. A riƙe wannan adadi, za a buƙace shi nan gaba.

Wasiƙar 1866

Tarin fuka ya kama Taylor, ya bar hayaƙin Landan ya koma Hastings a bakin teku, daga can yake tafiyar da kamfani ta gidan waya. Ba nisa da Hastings akwai ƙauyen Herstmonceux, wuri mai tsohuwar sana'ar ice, wanda aka san shi da kwandunan katako da manoma ke ɗaukar kaya a ciki. A nan ne, a 1866, Taylor ya ga wata kujera a shagon wani tsohon kafinta mai suna Ephraim Colman. Ya zana ta sama-sama a takarda ya aika wa Webb, ya bayyana cewa mazauni da majingini sanduna ne a gicciye da ake ɗora kushin a kai, majinginin kuma yana juyawa a kan maƙalin ƙarfe. Ya rubuta sunan kafintan da na garinsu. Wannan layi ɗaya shi ya ceci sunan Colman, da Taylor bai sa shi ba da tarihi ya haɗiye shi kamar yadda ya haɗiye dubban kafintocin ƙauye.

Adalci ya sa a faɗi cewa kujera mai kwanciya ta girmi Colman nesa ba kusa ba. A gidan Ham House kusa da Richmond akwai kujerun barci na shekarun 1670 masu ƙarfe mai haƙora a gefe, kuma a farkon ƙarni na 19 kafintocin Landan sun yi rajistar dabaru iri-iri na kujerun marasa lafiya, masu sifirin da makunnai da ƙarafa a ɓoye. Abin da ya bambanta ta Herstmonceux shi ne sauƙinta. Babu abin da ke ɓoye a jikinta, babu kuma abin da zai lalace wanda kafintan gari ba zai iya gyarawa ba.

Ga yadda take bayan ta bi ta hannun Webb. Hannuwan kujerar ba su tsaya daidai majingini ba, sun zarce shi ta baya suna lanƙwasawa ƙasa. A wannan ɓangare da ya zarce an yanka gurabe a jere, dama da hagu daidai wa daida. Sanda guda ta tagulla ake gittawa daga wannan hannu zuwa wancan, majinginin ya kwanta a kanta. Mai son karatu ya sa sandar a gurbin gaba, ya zauna a miƙe. Mai son gyangyaɗi ya tashi, ya zagaya, ya ɗaga sandar ya mayar da ita gurbin baya. Nauyin mai zama shi ke danne sandar a gurbinta, saboda haka ba a buƙatar makulli ko noti. Katakon gefen mazauni yana gangarowa ta baya cikin lanƙwasa guda har ya zama ƙafar baya, shi ya sa mazaunin ya karkata, jikin mutum yana zamewa ciki maimakon waje. Tsakanin hannu da mazauni akwai siraran sanduna da aka fere a injin juya katako, dunƙule-dunƙule a jere, salon da kafintocin Ingila suka sani tun ƙarni na 17. A ƙafafu akwai 'yan tayoyi don turawa. Kushin biyu ne sake, ɗaya na zama ɗaya na jingina, sai ɗan laushin da aka kafe a saman kowane hannu.

A ganina gudummawar Webb ba ƙarama ba ce, kuma kuskure ne a mayar da shi mai kwafi kawai. Shi ya daidaita tsayi da faɗi, shi ya ba ta lanƙwasar nan da ke sa ta yi kyau ko babu kowa a kanta, shi ya sa mata baƙin rinin da kasuwar Landan ke so a lokacin. Amma ya yi abin da ƙwararru kaɗan ke iya yi: ya bar dabarar tsohon yadda ya same ta. Bai ɓoye sandar ba, bai ƙara mata sifirin ba. Webb mutum ne mai gudun suna, bai damu a buga ayyukansa a mujallu ba, ya kuma ɗauki maginin ƙauye da kafintan ƙauye malamansa. Da wani ne mai son a ce shi ya yi, da ya cika ta da ƙarafa don ya samu abin yin rajista.

Taylor ya rasu a 1870, yana da shekara 30 da 'yan kai, kujerar ba ta daɗe da shiga kasuwa ba.

Batun farashi

A 1875 Morris ya sayi hannun jarin abokansa, kamfanin ya koma Morris & Co., bayan rigimar da ta ɓata tsakaninsa da Madox Brown na shekaru. A 1877 aka buɗe kanti a titin Oxford. Daga nan kujerar ta samu abin da ya mayar da ita ta Morris a idon jama'a, wato yadi. Ana lulluɓe kushin ɗinta da karammiskin Utrecht mai tambarin furanni, ko da atamfar auduga ta kamfanin, ko da saƙar ulu mai tsuntsaye bibbiyu suna fuskantar juna, wadda Morris ya zana a 1878 don bangon falonsa na Kelmscott House a Hammersmith. Mai shiga kanti yadin yake fara gani, yadin kuwa na Morris ne tsantsa. Ba abin mamaki ba ne da sunan ya manne.

Kundin farashin kamfanin na wajen 1912 ya nuna inda aka kwana. Kujerar mai karammiski fam 10 da sule 10 ce, mai atamfa fam 8 da sule 8. Ta farkon ta ninka iyakar da Taylor ya gindaya sau 14 cif, alhali farashin kaya a Birtaniya bai yi wani tashin kirki ba tsakanin shekarun nan. Leburan gona a lokacin bai kai fam ɗaya a mako ba, ke nan sai ya yi aikin sama da mako 10 bai ci bai sha ba kafin ya zauna a kan kujerar da aka samo daga shagon maƙwabcinsa.

A cikin kundin nan dai akwai wata kujerar, ita ma mai hannu, ita ma daga salon ƙauyukan Sussex: siririya, baƙa, mazauninta saƙar ciyawar bakin rafi. Kuɗinta sule 9 da kwabo 9. Ita ce ta cika burin Taylor. An zuba ta a ɗakunan ɗalibai mata na kwalejin Newnham da zaurukan gidan tarihin Fitzwilliam a Cambridge, kantuna irin su Liberty da Heal's suka fitar da nasu samfurin. Da kuɗin mai kwanciya mai karammiski guda ɗaya za a sayi irin wannan sama da 20. To amma kujerar zaman cin abinci ce da hira, ba ta hutun mai gajiya ba. Hutu, a kantin Morris, na mai kuɗi ne.

Morris ya san da haka, kuma abin ya ci masa rai. An ruwaito cewa yana aiki a gidan attajirin ƙarfe Sir Lowthian Bell a Yorkshire, aka ji shi yana safa da marwa yana faɗa shi kaɗai, da aka tambaye shi sai ya ce yana ƙarar da rayuwarsa ne wajen yi wa almubazzarancin masu kuɗi hidima. A 1883 ya shiga ƙungiyar 'yan gurguzu, ya riƙa tsayawa a bakin titi yana wa ma'aikata jawabi. Akwai masu kiran wannan munafunci. Ban yarda ba. Lissafin a fili yake: idan za a saƙa ulu a masaƙar hannu a Merton Abbey, inda ya kai ma'aikatarsa a 1881, a rina zare da rinin itatuwa, a biya masaƙi abin da zai riƙe iyali, to kuɗin kaya zai hau. Morris ya zaɓi ingancin aiki da mutuncin mai yin sa, ya rasa talakan mai saye, bai kuma taɓa yin kamar bai ga asarar ba. Inda nake ganin gazawar kamfanin shi ne wajen Colman da ire-irensa. Mutanen da suka yi ta wa'azin darajar mai sana'ar hannu sun sayar da dabarar wani mai sana'ar hannu shekara 70, sunansa kuwa yana kwance cikin wasiƙar manaja. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan ta tsallaka teku

Morris ya rasu a 1896. A daidai wannan lokaci sunansa ya zama abin talla a Amurka. Gustav Stickley, mai ma'aikatar kayan ɗaki kusa da Syracuse a jihar New York, ya fito da sabon salonsa a baje kolin Grand Rapids a 1900, a watan Oktoban 1901 kuma ya fara buga mujallarsa, The Craftsman, fitowar farko gaba ɗaya a kan Morris. Kujerar da Stickley ya yi da wannan suna ta sha bamban da ta Webb. Lanƙwasa ta tafi, dunƙulallun sanduna sun tafi, baƙin rini ya tafi. A madadinsu aka samu farin icen oak mai kauri, an turara shi da tururin amoniya har ya yi launin ƙasa-ƙasa, hannuwa faffaɗa kamar allo, kan ƙafafu yana huda hannun ya leƙo sama don a ga haɗin, kushin kuma na fata. Maimakon sandar tagulla, turaku biyu na katako ake sokawa a ramuka. Ta fi ta Landan nauyi sosai, Taylor mai son abin ɗagawa da hannu ɗaya da bai so ta ba. Amma ƙashin bayan dabarar bai sauya ba: majingini mai juyawa, abin tokare shi a baya, kushin biyu sake.

Stickley bai ji kunyar inji ba. Injuna ke yanka da gogewa, hannu ya haɗa ya gama. Wannan ya sauko da farashi zuwa inda malamin makaranta ko akawu zai iya kai hannu. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara saukowa. Kamfanin Sears, Roebuck ya riƙa aika kujerun Morris ta jirgin ƙasa zuwa gonakin da ke nesa da kowane kanti. Kamfanin sabulu na Larkin a Buffalo ya riƙa ba da ita kyauta ga matan da suka sayi sabulu da yawa. Wani kamfani a Sturgis ta jihar Michigan ya sa mata maɓallin dannawa don kada mai zama ya tashi. Da yawa daga cikin waɗannan an sassaƙa musu kan zaki a hannu da daginsa a ƙafa, irin adon da aka kafa kamfanin Morris don a yaƙa.

A nan lamarin ya fi ɗaure kai, kuma bai kamata a tsallake shi da sauri ba. Ma'aikacin da Morris ya yi wa jawabi a bakin titi, a ƙarshe ya samu kujerar hutawa bayan aiki, amma daga masana'anta ya same ta, inda wani ma'aikacin ke tsaye gaban inji yana yanka ƙafa iri ɗaya daga safe zuwa yamma. Rabin burin Morris ya cika ta hanyar karya ɗaya rabin. Wanda ya ce kwafin Amurka shirme ne bai yi wa iyalan da suka huta a kansu adalci ba, wanda kuma ya ce inji ya warware matsalar ya manta da mai tsayuwa gaban injin. Abin da ya sa kujerar ta jure duk wannan jagwalgwalo, ta yi aiki ko a hannun mai ha'inci, shi ne dabarar Herstmonceux ba ta buƙatar gwaninta mai yawa kafin ta tsaya daidai.

Yayi ya wuce da sauri. Stickley ya karye a 1915, mujallarsa ta tsaya a ƙarshen 1916. Morris & Co. ya ja har 1940, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarasa shi.

Waɗanda suka rage

Shekaru da dama bayan nan, kayan zamanin Biktoriya abin kunya ne a gidajen Ingila. An jibge su a rumbuna, an faskara wasu an hura wuta, an shafe wasu da farin fenti. Juyin ya fara ne da baje kolin da Peter Floud ya shirya a gidan tarihin Victoria and Albert a 1952, aka kafa ƙungiyar kare gine-ginen zamanin Biktoriya a 1958, a Amurka kuma baje kolin jami'ar Princeton na 1972 ya dawo da sunan Stickley. A watan Disambar 1988 mawaƙiya Barbra Streisand ta biya dala 363,000 a gwanjon Christie's a kan kabad ɗin da Stickley ya yi wa gidansa. Daga ranar duk mai tsohuwar kujerar oak a bayan gida ya fara kallon ta da wani ido.

Yau idan aka ce kujerar Morris a wurin gwanjo, ana iya nufin abu uku masu nisan farashi: ta kamfanin Landan, ta Stickley da 'yan'uwansa da su ma ke sana'ar kayan ɗaki, ko ta masana'antun da ba su sa suna ba, waɗanda su ne mafi yawa nesa. Ta Stickley tana da sauƙin ganewa, domin yakan manna tambarinsa, hoton kamfas ɗin kafinta da kalmomin Als ik kan, wato "gwargwadon iyawata", a tsakiya. Ta Landan ita ce mai wuya. Kujerun kamfanin da yawa ba su da hatimi, wasu kantunan Ingila kuma sun yi masu kama da su tun a wancan zamani. Masana sukan koma ga siffar lanƙwasar ƙafa, yanayin ferar sandunan, yadda baƙin rinin ya goge a inda hannu ke yawan taɓawa har farin icen ya leƙo, da guraben sandar, waɗanda shekaru ke cinye bakinsu ba daidai ba, gurbin da mai gida ya fi so ya fi sauran faɗi. Takardar da ke nuna gidan da kujera ta fito ta fi duk waɗannan ƙarfi. Gidaje irin su Standen a Sussex, wanda Webb ya zana a farkon shekarun 1890, da Wightwick Manor kusa da Wolverhampton, suna da daraja ga mai nazari saboda kayan kamfanin na nan a ɗakunan da aka tanade su.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne yadin asali. Katako yana kai shekara 150, ulu da karammiski kuwa asu, rana da gwiwar hannu suna gamawa da su. Yawancin kujerun da suka rage an sake musu riga sau biyu ko uku. Wadda ta zo da saƙar tsuntsayenta ta farko, ko da ta koɗe ta yi faci, ta fi sabuwar riga kuɗi da daraja, domin a jikinta kaɗai hannun Morris yake.

Nan ne mai gyara ke iya yin ɓarna cikin kyakkyawar niyya. A 1877 Morris da Webb sun kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine don su hana masu kankare bangon coci su mayar da shi sabo, ƙa'idarsu ita ce a tallafi abin da ya tsufa, a gyara inda ya karye, a bar tsufan a gani. Ƙa'idar ta hau kujerar nan daidai. Wanda ya goge baƙin rinin da takardar yashi ya fesa sabon fenti ya share shaidar da ake gane ta da ita, ba kuma za ta dawo ba. Haɗin da ya saki, gam na fata irin na da ake sa masa, wanda ruwan ɗumi ke narkarwa idan wani ya zo gyara nan gaba. Idan yadi ya mutu har ba ya zaunuwa, sai a ɗauke kushin biyun a adana su a inuwa, a ɗinka wasu na amfanin yau da kullum a ɗora, tunda ba a kafe suke ba. Laushin saman hannuwa ne kaɗai ke da ƙusa, shi kuwa akan lulluɓe shi da sabon yadi ba tare da an cire na ƙasan ba.